Ɗaki a Bayan Sitiyari: Abin da Muka Gano a Hanyar Bahindi Zuwa Iyakar Benin

Ku ɗauko taswirar Najeriya da ke cikin littafinku na labarin ƙasa, ku ɗora yatsa a kan Birnin Kebbi, ku gangaro da shi kudu har ya taɓa shuɗin layin nan na kogin Kwara, wanda littattafai ke kira Neja. To, kun iso ƙaramar hukumar Bagudo ke nan. A nan Bahindi take, garin manoma da masunta, ba nisa da inda Gulbin Kebbi ke zuba ruwansa a cikin Kwara. Idan aka haye kogin ta gadar Tuga aka bi ta Ka'oje, hanya za ta kai mutum Tsamiya, daga can kuwa sai Segbana ta Jamhuriyar Benin. Wata hanyar kuma ta bi ta Illo zuwa Lolo, inda ake shiga Benin ta ɓangaren Malanbil.

Yankin nan ya daɗe da sanin matafiya. Tun zamanin da fatake ke zuwa Gwanja sayen goro, Illo zango ce da ayari ke yada kaya, madugu ya huta, jakuna su sha ruwa. A shekarar 1898 Ingila da Faransa suka yi yarjejeniyar da ta raba ƙasar Bargu biyu, Illo ta faɗa hannun Ingilishi, dangi suka wayi gari wasu a nan wasu a can. Duk da haka tafiya ba ta tsaya ba. Har gobe a kasuwannin yankin za ku ji Hausa da Fillanci da Dandanci da Zabarmanci suna cuɗanya, ku ga naira da sefa a hannun mutum ɗaya.

A yau manyan motoci ne suka gaji jakunan fatake. Su ke kwashe shinkafar fadama da albasa da masara da shanu, su kawo siminti da taki da gishiri. Kowa ya san bayan tirela, domin kowa ya taɓa shan ƙurarta. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne cikin kan motar, wato wurin da direba ke zama. Shi muka je dubawa a wannan tafiya, domin akwai mutanen da a cikin wata guda kwanansu a wannan ɗan wuri ya fi kwanansu a gida yawa.

Sai an cire takalmi

A bakin hanya, kafin a kai gadar Tuga, muka iske wasu motoci uku sun faka a inuwa suna jiran lodi. Wani dattijon direba na zaune a kan tabarma yana gyara farce. Muka yi sallama.

"Sannu da hutawa, Baba. Mun zo ne mu ga ɗakinku, in an ba mu izini."

Ya yi dariya ya ce, "Bismilla, 'ya'yana. Amma ku bar takalmanku a kan matakala."

Wannan doka ita ce darasi na farko. Mutum ba ya cewa a cire takalmi sai a wurin da ya ɗauka ɗaki ne. Da muka hau, sai muka ga dalili. An shimfiɗa guntun kafet a ƙasa, an yanka shi daidai da lungunan wurin, babu ko ƙwayar yashi a kansa. Da damina, in ji shi, leda yake ɗorawa a sama saboda taɓo.

Faɗin kan tirela daga ƙofa zuwa ƙofa bai wuce mita biyu da rabi ba. Kujeru biyu ne a gaba, a bayansu kuma gado mai tsawon kusan mita biyu, faɗinsa bai kai mita ɗaya ba. Shagon mai faci ma ya fi shi girma. Amma a cikin wannan ɗan fili akwai wurin kwana da wurin ajiye tufafi da wurin takardu da wurin abin sha, kuma babu wanda ya shiga hurumin wani.

Tsakanin kujeru da gado akwai labule na atamfa. Uwargidansa ce ta ɗinka, daga ragowar zanen da ta yi wa kanta da 'ya'yanta ɗinkin salla. Ya ce duk lokacin da ya ja labulen zai kwanta, sai ya ga kamar tsakar gidansa yake kallo. Rigar matashin kai ma aikin hannu ce, 'yarsa ta yi mata ado da zare. An naɗe bargo an ajiye a ƙarshen gado. Alƙur'aninsa na cikin gafaka a kanta mafi tsayi, babu abin da aka ɗora a kansa, darduma na kusa da shi. Lasisinsa da takardun mota da na kaya da katin inshorar ƙasashen ECOWAS duk suna cikin jakar leda mai zif, a wuri ɗaya da hannu zai kai ko cikin duhu, domin a shingen kwastan wanda ya tsaya lalube shi ke daɗewa.

Komai a ɗaure yake

Bambancin ɗakin mota da ɗakin gida shi ne wannan yana rawa. Ramin hanya ɗaya ya isa ya watsar da duk abin da aka ajiye sakaka. Shi ya sa direbobi suka zama gwanayen ɗauri. Tsohon tiyub na taya ake yankawa siri-siri a yi roba, da ita ake ɗaure filas ɗin shayi da kula da tocila. Kofi yana da ramin da yake zama. Ƙaramar fanka an kafe ta da kusa. Abu mai nauyi a ƙasa ake sa shi, marar nauyi a sama. Abin da ake buƙata kullum yana kusa, wanda sai an kwana biyu ake nema yana ƙarƙashin gado.

Madafa kuwa a waje take. A gefen motar akwai akwatin ƙarfe mai kwaɗo, yaron mota ya buɗe mana. Ga tukunya biyu, ƙaramar a cikin babbar, ga risho, ga shinkafa da wake da manja da yaji da daddawa, ga garin kwaki da ƙuliƙuli don ranar da ba a samu damar ɗora tukunya ba. Murfin akwatin in an sauke shi ya zama tebur. Jarkar ruwan sha dabam, ta alwala da wanke-wanke dabam, an ɗaura wa ta shan ƙyalle a wuya don kada a rikita. Da zafi akan jiƙa buhu a lulluɓe ta, iska na bugawa ruwan na sanyi, kamar dai yadda randa ke yi a gida.

Sai maganar wari. Wurin da ake yini ana gumi, ga dizal, ga ƙura, in ba a kula ba kwana uku ya isa ya gagari shiga. Maganin da suke yi ba mai tsada ba ne. Duk inda aka tsaya da rana, a fito da katifa da bargo a shanya a kan bodi. A wanke rigunan kujeru in an samu ruwa. Kayan datti suna da buhunsu a waje. Bayan an share an goge, a sa turaren wuta kaɗan ƙofofi a buɗe, irin wanda ake sawa a gidansa. Dattijon ya nuna mana kwalbar, ya ce hanci ya fi ido saurin tuna gida.

Yanayin wurin ma ba ya wasa. A watan Maris da Afirilu zafin Kebbi kan haura digiri 40, ƙarfen mota ya yi kamar tanda. Sai a rufe gilashin gaba da kwali ko tabarma, a faka ta yadda rana ba za ta haska kai tsaye ba. A watan Disamba da Janairu kuma sanyin hunturu a bakin kogi yakan shiga har ƙashi. Sauro kuwa a fadamun Kwara ba shi da lokaci. Duk motar da muka leƙa akwai gidan sauro, wasu har biyu.

Na biyun na yaron mota ne. Shi sau da yawa a ƙasa yake kwana, a ɗaura tamfol a jikin mota ya zama rumfa, a shimfiɗa tabarma, a rataye gidan sauro. A nan ake gane halin maigida. Mun ga motar da yaron ke da katifarsa da bargonsa da wurin ajiye kayansa, mun kuma ga wadda yaron ke kwana a kan kwali. Wanda ke kwana a ƙarƙashin mota rayuwarsa na hannun ƙa'ida biyu: a tokare tayu da katako, kuma kada a tada inji sai direba ya zagaya ya ga yaronsa da idonsa.

Ranar da iyaka ta rufe

Wani zai ce ai duk wannan ƙawa ce kawai. Mutanen iyaka sun san ba haka ba ne. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a fara buɗe wasu ba sai a Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, 2023, aka sake rufe iyakoki da Nijar, manyan motoci suka yi dogon layi a Malanbil, a gaban gadar da ta haɗa Benin da Gaya. Direbobin da suka fito da shirin kwana huɗu suka share makonni, wasu watanni. Ba su da damar barin motar, domin kayan da ke kai amana ce.

A irin wannan zama ne ake sanin amfanin tsari. Wanda ke da tukunya da risho yana dafa nasa da kuɗi kaɗan, wanda ba shi da su kuɗin guzurinsa ya ƙare a wurin mai abinci. Wanda ke da gidan sauro ya tsira daga zazzaɓi, wanda ya raba ruwan sha da na wanki ya tsira daga ciwon ciki. Akwai kuma abin da ba a aunawa. Mutumin da ya tashi da asuba ya naɗe bargonsa, ya share kafet, ya yi salla a kan darduma mai tsabta, ya haɗa shayi a kofinsa, yana riƙe da mutuncinsa ko da duniya ta tsaya masa. Direbobi da kansu sun ce zaman jira ya fi tuƙi cin rai, kuma wanda ya bar ɗakinsa ya lalace shi ne kan fara faɗa da mutane.

Lissafin gyangyaɗi

Babban aikin wannan gado shi ne barci, kuma barcin direba ya shafi kowa. Ku ɗauko biro mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 80,000 a cikin daƙiƙa 3,600. Ku raba, za ku samu kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya yi gyangyaɗin daƙiƙa uku kacal, motar ta yi tafiyar mita 66 babu mai riƙe da ita, wato fiye da rabin filin ƙwallo. A cikin wannan tazara ana iya samun ɗan acaɓa, ko garken shanu, ko ɗalibai suna dawowa daga makaranta.

Shi ya sa a ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ce direban babbar mota kada ya wuce awa 9 yana tuƙi a rana, sai a wasu ranaku ƙalilan da aka yarda ya kai 10, kuma bayan awa huɗu da rabi dole ya huta na minti 45. A nan gida Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana jan kunne a kan tuƙi cikin gajiya. Hausawa sun riga sun faɗa, barci ɓarawo ne. Goro da shayi mai kauri suna iya jinkirta shi, ƙwayoyin da wasu ke haɗiya kuwa ƙara ɓata lissafi suke yi. Bashin barci da barci ake biyansa. Direban da katifarsa ke da laushi, labulensa ke tare haske, sauro bai dame shi ba, shi ne zai tashi da ido garau.

Inda jin daɗi ke zama haɗari

Ba duk abin da ke sa ɗaki daɗi ne ke da lafiya ba. Da sanyi wasu kan shigar da kaskon gawayi cikin mota su rufe gilashi. Ɗaliban kimiyya sun san abin da ke biyo baya. Gawayin da ke ci a wurin da iska ba ta wadata yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau fiye da 200, mutum ya ji kasala da ciwon kai, ya yi barcin da ba ya tashi. Haka ma barin inji a kunne duk dare idan salansa na yoyo. Dafa abinci a waje ake yi, ɗumi kuma a nemo shi a bargo.

Tukunyar gas ba ta zama a wurin da rana ke dukanta, jarkar fetur ba ta kwana kusa da risho, maganin sauro na kunnawa ba ya kusantar labule. Kwalliya ma tana da iyaka. Mun ga motar da aka cika gilashinta da furannin roba da tuntaye da hotuna har sai direba ya sunkuya yake ganin hanya. Dattijonmu carbi ɗaya kawai ya rataye, ya ce gilashi na hanya ne, adon ya koma bayan labule.

Jirgi da bukka

Wannan hikima ta girmi mota. Da muka koma Bahindi muka gangara bakin ruwa, sai muka ga irinta a cikin jiragen masunta. Sarkawa, waɗanda suka shahara da bin Kwara neman kifi, sukan yi tafiya da iyalinsu. Ana lanƙwasa sanduna a tsakiyar jirgi a rufa tabarma ko tamfol, ya zama rumfar kwana. Murhu na zaune a kan yashi don kada wuta ta taɓa katako. Kaya masu nauyi a tsakiya suke kuma a ƙasa, in ba haka ba jirgi ya karkata. Taru na da gefensa, tukwane na da nasu.

A hanyar Ka'oje kuma muka wuce rugar Fulani. Idan lokacin tashi ya yi, gida gaba ɗaya hawa bayan jakuna da takarkari yake yi. Inda aka sauka, kafin rana ta faɗi mata sun kafa bukka, sun gyara gado, sun jera ƙore da kwanoni a wurinsu, babba da ƙarami, kamar yadda suke a masaukin baya. Yaro ya shiga ya san inda komai yake, ko da dajin baƙo ne a wurinsa. Direba da masunci da Bafulatana ba su yi taro sun shirya ba, amma abu ɗaya suka gano: kaya kaɗan, kowanne da wurinsa, sannan wani abu guda da ke tuna wa mutum nasa.

Motar gida a ƙasashen waje

A Amurka da Turai akwai motocin da tun daga masana'anta gida aka ƙera su. Tun a shekarun 1950 ake mayar da ƙananan bas na Volkswagen ɗakin kwana a Jamus. Na zamani suna da gado da madafa da firji da banɗaki da tankin ruwa, wasu da faifan sola a rufi. Yawanci don yawon hutu ake sayensu, ko da yake akwai waɗanda tsadar haya ta sa suka koma ciki dungurungum. Idan kuka kalli hotunansu a intanet za ku ga masu su na fama da matsalolin da direban Tuga ya riga ya warware: ƙofofin kabad masu sakata don kada kwanoni su zube, labule mai kauri, ɗan kafet a ƙasa, fitila marar kashe ido, hoton iyali a bango. Abu ɗaya da ya kamata mu koya daga gare su shi ne ƙaramar na'urar da ke ƙara idan iskar kabon monoksaid ta taru. Bambancin da ke tsakani shi ne su galibi nishaɗi ya fitar da su, namu kuwa neman abin da za a ci a gida.

Naku ɗakin

Da yawa daga cikinku a makarantar kwana kuke. Rabonku a ɗakin kwana gado ɗaya ne da akwati da ɗan lungu, kusan daidai da rabon direba. Ku gwada dabararsa a wannan zangon karatu. Ku rage tarkace. Ku ba kowane abu wuri, ku mayar da shi can bayan amfani. Ku shanya katifa ranar Asabar, ku ɗinke hujin gidan sauro tun yana ƙarami, ku ware bokitin wanka da jarkar sha. Ku ajiye abu ɗaya daga gida, ko zanen gado ne ko rigar matashi. Wanda ya yi barci mai kyau ya fi gane darasin safe.

Wasunku kuma 'ya'yan direbobi ne, ko ƙannen yaran mota. Idan Baba ko Yaya ya dawo daga tafiya, ku roƙe shi ya bar ku ku hau ku gani. Ku karɓi bargon ku wanke, ku duba ko gidan sauron ya yage, ku tambaye shi inda yake ajiye risho da dare. Mai iya ɗinki ta yi masa sabuwar rigar matashi, mai iya lissafi ya nuna masa na mita 66 ɗin nan. Sannan ranar da zai koma, ku tabbata turaren gidanku na cikin jakarsa.